Harsashin da Aka Shanya a Kan Soro

An yi wani mutum a ɗaya daga cikin garuruwan nan na bakin kogi, tsakanin Haɗeja da Baturiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan garin ba. Yana da 'ya'ya suna shiga kasuwa suna fita kamar kowa, kuma ba su suka yi abin ba. Wanda ya san shi a cikinku ya riƙe a cikinsa. Wanda bai san shi ba ya saurara, kafin in gama zai ga ashe ya san irinsa.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ya 'yan uwa. Ina so ku fara riƙe wannan. Bai taɓa haura katangar wani ba. Manomi ne, shinkafa da damina, alkama da tattasai da rani, kuma ba ka rasa shi a sahun gaba a masallaci. Abin da aka san shi da shi shi ne iya ciniki. In zai sayi akuya, sai ya yi ta juya ta yana tsaki har mai akuya ya fara ba shi haƙuri. In za a aurar da 'ya, shi ake ba kuɗin kayan ɗaki ya tafi Kano, ya dawo da kaya har da canji. Mutane suka yi ta yaba masa, shi kuma ya yi ta jin daɗi, har ta kai in ya sayi abu a kan kuɗinsa na gaskiya sai ya wuni yana jin an cuce shi.

Yana da ƙane guda, Shu'ibu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ya rasu Shu'ibu yana ƙarami, shi ya riƙe shi, shi ya yi masa aure, ya yanka masa gona a gefen tasa. A lokacin da nake ba ku labari Shu'ibu magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku. Amma bai taɓa kama sunan wan nan nasa ba, sai dai Yaya. In Yaya ya ce kogi ya ƙafe, Shu'ibu ba zai leƙa ya duba ba.

To, kun tuna shekarar da ruwa ya fasa jinga ya shiga mana gidaje. Bayan ruwa ya janye sai wata masifar ta biyo baya. Ɓarayi suka sa garin nan gaba. Yau shanun noma, gobe injin ban-ruwa a fadama, jibi buhunan shinkafa a masussuka. Dattawa suka zauna, aka haɗa mafarautan gari aka yi ƙungiyar tsaro, aka bi ta hanyar hukuma aka samu takardar izinin bindigogi biyar, irin na farauta na zamani da ake karyawa a sa harsashi. Shugabansu wani tsoho ne, Baba Zarami, wanda kakanninsa suka taso daga wajen tafkin Chadi. Shekara arba'in yana yawo da bindigar gargajiya a dajin nan, bai taɓa ko ƙwarzanar ɗan Adam ba. Shi ne kuma surukin mutumin namu, don 'yarsa Hajo yake aure.

Baba Zarami ya ce ba zai miƙa wa kowa bindiga ba sai ya koyi harbi a gabansa, don kada a je korar ɓarawo a dawo da gawar maƙwabci. Aka tsayar da kowace Asabar da hantsi za a fita bayan jinga a koya. Aka ce ana bukatar harsashi ɗari biyar. Gari ya yi karo-karo. Mai buhu ya kawo buhu, mai kwano biyu ya kawo kwano biyu, har wata tsohuwa ta zo da agwagwarta a hammata ta ce a sayar a zuba. Kuma ku tuna, waɗannan mutane ne da ruwa ya gama cinye musu amfanin gona.

Wa za a aika Kano? Ai tambayar ma ba ta tashi ba. Aka ƙulle kuɗi aka damƙa wa gwanin ciniki.

Ya isa shagon wani dattijo, Alhaji Abdulganiyyu, wanda yake sayar da irin waɗannan kaya da izinin hukuma. Alhaji ya duba takardu, ya ce kowane harsashi dubu ɗaya da ɗari biyu. Mutuminmu ya gyara zama, ya fito da kayan aikinsa. Ya yi tsaki. Ya tashi kamar zai tafi, ya dawo. Ya ba da labarin ambaliya har da share ido. Ya binciko wata dangantaka tsakanin kakarsa da mutanen unguwar Alhaji. Tun hantsi har aka kira azahar, dattijo bai rage ko naira ba. Daga ƙarshe ya dube shi ya ce:

"Malam, wannan shi ne kuɗinsa na gaskiya, abin da zan samu a kai kaɗan ne. In wani ya ce maka rabin wannan, ka tambaye shi inda kayan suka kwana."

Da ya biya a nan, da ba ni zaune a gabanku da wannan labari. Kuɗin da aka ba shi sun isa daidai, don Baba Zarami ya riga ya yi tambaya ya san farashi. Amma ina, zuciya ta ce masa yau ga ranar da za a ce an kai shi ƙasa a ciniki. Ya fito ransa a ɓace. Bai yi nisa ba wani dillali da ke raɓe a bakin hanya ya bi shi, ya ce yana da irin kayan a wani wuri, da araha.

Ya kai shi wani ɗakin ajiya. Ga kwalaye nan jibge, sun kumbura, ga zanen ruwa a jikin bango har gwiwar mutum. Gindin harsasan, wurin tagullar nan, ya yi kore-kore. Kuma ina so ku lura, mai kayan bai yaudare shi ba. Ya gaya masa ruwan sama ya cika ɗakin, kayan sun kwana uku a ciki, wasu za su tashi wasu ba za su tashi ba, shi ya sa yake bayarwa ɗari biyar-biyar. Da idonsa ya gani, da kunnensa ya ji.

A nan ne Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da shi. Kuma Shaiɗan ba ya ce wa irin wannan mutum ka yi sata, ya san ba zai yi ba. Abin da ya ce masa shi ne, ai na koyo ne kawai. Gwangwani za a harba, ba ɓarawo ba. In ɗaya ya ƙi tashi a jefar a sa wani, wa ya mutu? Ya ce masa kuma abin da ya ragu guminka ne, kai ka sha rana, kai ka nemo. Sannan ya kawo masa babbar hujja, wadda duk ɗan fadama zai karɓa hannu biyu. Ya ce masa, ai akwai rana.

Mu mutanen bakin kogi mun yarda da rana ƙwarai, ku ma kun sani. Shinkafa ta jiƙe, a shanya. Gero ya sha ruwa, a shanya. Katifa, tabarma, littafin makarantar yara, takardar gona, kuɗin da aka manta a aljihu, duk a shanya. Na taɓa ganin wanda ya shanya rediyo a kan danga yana jiran ta yi magana. A wurinmu babu abin da ruwa ya ɓata da kwana uku na rana ba za su gyara ba. Da wannan tunani mutumin nan ya sayi ɗari huɗu na jiƙaƙƙu, ya koma wurin Alhaji Abdulganiyyu ya sayi ɗari ɗaya masu kyau. Dattijon ya tambaye shi sauran fa, ya ce sai wani zuwan. Naira dubu ɗari biyu da tamanin ta rage a aljihunsa, kuma kafin ya bar Kano ya sayi sabon injin ban-ruwa, ja, da mesarsa.

Da ya dawo ya ce wa ƙungiya kayan suna tafe a mota, sai ranar Juma'a. Inji kuwa ya ce da kuɗin tattasai ya saya. Ya hau soron gidansa ya shimfiɗa tabarma, ya baza harsasai kamar shanyar shinkafa, yana juya su da hannu, yana goge gindinsu da toka da tsumma har suka yi ƙyalli. Hajo ta hau kwashe shanyar ganyen kuka ta tarar da su. Ta tambaya, ya ce sanyin hanya ne ya kama su. Ita kuwa 'yar maharbi ce, ta tashi tana ganin ubanta yana shanya albarushi a faifai in damina ta sa ya yi sanyi, saboda haka ba ta ga abin mamaki ba. Ba ta yi tunanin albarushin ubanta a buɗe yake, wannan kuwa a rufe yake ruf, rana ba ta taɓa komai sai bayansa.

Allah ba ya kama bawa sai ya yi masa gargaɗi. Ranar Alhamis mutumin nan ya ɗauki ɗaya daga cikin bindigogin ƙungiya a ɓoye, ya ɗebi harsashi goma daga shanyarsa, ya shiga fadama can nesa shi kaɗai don ya gwada. Bakwai suka tashi. Biyu suka ƙi, ya cire ya jefa a ruwa. Na goma ya sa, ya ja kunama, shiru. Ya yi tsaki, ya sauke bindiga bakinta ƙasa, yana shirin karya ta. Sai ta tashi. Taɓo ya fallatsa masa har cikin baki, ga rami a gefen ƙafarsa, tazarar ba ta fi taki ɗaya ba.

Ya zauna a kan kunyar gona. A ranar ya san abin da babu wanda ya sani a garin: a cikin kayan nan akwai wanda ba ya tashi, akwai kuma wanda yake yin shiru kamar ya mutu, sai an saki jiki sannan ya tashi.

Me ya rage masa, ya 'yan uwa? Ya zuba su a kogi, ya mayar da inji, ya je gaban surukinsa ya durƙusa ya ce na yi kuskure. Da an yi masa faɗa. Da an yi masa dariya a majalisa wata guda. Da an daina aikensa Kano. Shi ke nan fa abin da zai rasa. Amma ya duba jan injin nan a zaure, ya tuna yadda ake kiransa gwani, sai ya ga abin ya yi masa tsada.

Ya samo akwatin ƙarfe, ya jera jiƙaƙƙun a ƙasa, ya jera masu kyau ɗari a sama. Ranar Juma'a bayan an sauko ya kawo shi ƙofar masallaci. Ya ce dubu ɗaya da ɗari biyu-biyu ya saya, babu ragi. Mutane suka girgiza kai, suka ce lalle kaya sun yi tsada tun da har shi ya dawo ba canji. Babu wanda ya tambaye shi rasit. Wa zai tambaye shi?

Yanzu zan gaya muku abin da ya sa labarin nan ba ya barina in huta. A lokacin ni ne nake limanci a garin. Ni aka kira na ɗora hannu a kan akwatin nan, na roƙi Allah ya sa kayan su zama kariya ga jama'a, aka shafa. Kuma bayan kwana biyu, da la'asar, mutumin nan ya jira kowa ya watse, ya matso kusa da ni ya ce:

"Allah gafarta Malam, in an aiki mutum sayayya, ya yi dabararsa ya samu ragi, ragin na wa ne?"

Na ce na waɗanda suka aike shi ne, sai in sun yafe masa da bakinsu. Ya ce to, Allah ya saka da alheri, ya tashi. Lokacin sanyi ne, amma na ga gumi a goshinsa. Na gani da idona. Da na riƙe hannunsa na ce zauna, me ya faru, watakila da ya faɗa, don mai irin wannan tambaya ya riga ya zo bakin ƙofa. Amma ina sauri, ana jirana wurin ɗaurin aure. Na amsa tambaya na bar mai tambaya ya tafi. Ina roƙon Allah ya yafe mini wannan.

Aka fara koyon harbi. Bindiga biyar, kowace Asabar harsashi ashirin da biyar. Suna da al'adarsu ta mafarauta: harbin farko na babba ne, kuma wanda yake riƙe da mabuɗin akwati shi zai ɗauko harsashin farko ya miƙa wa babba da hannu biyu. Mutuminmu ne mai mabuɗi. Shu'ibu kuwa shi ne mai riƙe faifan da ake zuba na ranar, yana tsugune a hagun mai harbi yana miƙawa. Yana son aikin nan ƙwarai, don kusa da Yaya yake.

Asabar huɗu suka wuce lafiya lau. Ko ɗaya bai ƙi ba. Har Baba Zarami ya ce a gaban mutane surukinsa ya iya zaɓen kaya. Kowa yana murna, mutum ɗaya ne kawai ya san masu kyau sun ƙare, ya kuma san ranar da za a taɓa na ƙasa. Ya rame a makon nan. Hajo ta yi ta tambayarsa ko zazzaɓi ne. Ya yi tunanin ya kwanta ya ce ba shi da lafiya, sai ya tuna in bai je ba wani zai karɓi mabuɗi ya ga gindin akwati. Ya yi tunanin ya ce musu, in bindiga ta yi shiru kada a motsa ta, a jira. Sai ya tuna za a ce masa, kai ina ka san wannan?

Asabar ta biyar, hantsi ya ɗaga, aka fita bayan jinga. An kafa gwangwani a kan turke, tudun ƙasa a bayansa. 'Yan kallo suna can gindin aduwa. Mutuminmu ya buɗe akwati, ya zuba a faifai, ya zaɓi wanda ya fi ƙyalli ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu. Tsoho ya yi bisimilla, ya sa, ya ɗaga, ya auna, ya ja kunama.

Ƙas. Sai shiru.

Na gaya muku shekara arba'in tsohon nan ya yi da bindigar gargajiya. Ita kuwa in ta ƙi tashi, abin da maharbi yake yi shi ne ya sauke ta, ya kwantar da ita a kan hannunsa na hagu, ya duba makunninta. Hannu ya riga ya saba, ba ya jiran shawarar kai. Haka Baba Zarami ya yi. Ya sauke, ya fara karkato ta hagu a hankali, yana sunkuyo da kai ya ga abin da ya hana ta.

Waɗanda suke wurin sun ce tsakanin shirun nan da abin da ya biyo baya mutum zai iya jan numfashi uku. Ku ja numfashi uku yanzu ku ji tsawonsu. Mutuminmu yana tsaye, taku biyu tsakaninsa da tsohon. Ya san wannan shirun, ya taɓa jin sa a fadama. Yana kallon bakin bindiga yana tafiya wajen ƙanensa. Maganar tana bakinsa: Baba, kada ka juya ta. Ita ke nan, ba ta fi haka ba. Daga baya shi da kansa ya gaya mini a numfashin farko ya buɗe baki, a na biyu ya tsaya yana neman abin da zai ce in an tambaye shi yadda ya sani.

A na uku ta tashi.

Ta sami Shu'ibu a ƙirji, faifai yana hannunsa. Aka sa shi a mota aka nufi Haɗeja, kansa a kan cinyar wansa. Ba su kai rabin hanya ba. Direban ya ce magana biyu ya ji ya yi, a hankali:

"Yaya, ka ce wa Baba kada ya sa a ransa, ba laifinsa ba ne. Ka riƙe mini yaran."

Ni na yi masa salla. Ban taɓa ganin gari ya yi kuka irin na ranar ba.

Kuna tsammani ya faɗi gaskiya a nan? Bai faɗa ba. Hukuma ta zo ta tafi da Baba Zarami, don shi ne mai bindiga a hannu. Tsoho mai shekara saba'in ya zauna a tsare, ya ƙi ci ya ƙi sha, yana cewa shi ya kashe ɗan mutane. Mutuminmu kuwa yana zaune a kan tabarmar makoki, ana zuwa ana yi masa ta'aziyya, ana cewa Allah ya ba shi haƙuri, har wasu suna roƙonsa ya yafe wa surukinsa. Kwana shida yana karɓar gaisuwa. Kun ga yadda zunubi yake? Na farko ya yi shi don kwaɗayi, sauran duk ya yi su ne don gadin na farkon.

Ranar ta bakwai Hajo ta aiko a yi mata sallama da ni. Ta tsaya a bayan ƙofar zaure, muryarta a dashe, ta ce:

"Malam, na ga wani abu a kan soronmu kusan wata biyu da suka wuce. Ban gane shi ba sai jiya, da na je na ga halin da Baba yake ciki."

Ku yi tunanin matar nan. Mijinta a hannu ɗaya, ubanta a ɗaya, kuma duk wanda ta ɗaga sai ɗayan ya nutse. Ta zaɓi gaskiya, Allah ya saka mata. Muka je wurin mai gari, aka ɗauko akwati. Akwai wani tsohon soja a ƙungiyar, Misbahu, shi ya ɗauki ɗaya daga ƙasa ya farke shi a hankali a gabanmu. Albarushin da ke ciki ya dunƙule kamar daddawa. Aka farke na biyu, haka. Aka kira mutumin. Da ya ga abin da ke kan tabarma bai yi musu ba, ya zauna a ƙasa ya faɗi komai, tun daga shagon Alhaji Abdulganiyyu har numfashi ukun nan.

Aka ba da belin Baba Zarami. Kafin a tafi da surukin nasa ya roƙi a bar shi ya gan shi. A zauren mai gari aka haɗa su, ina wurin. Mun zaci zai yi zagi ko ya tsine. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dube shi ya ce:

"Nawa ka samu a kai?"

Ya ce, kansa a ƙasa, dubu ɗari biyu da tamanin.

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kai ne gwanin ciniki a garin nan, ba mai ja da kai. To, kuɗin Shu'ibu ke nan." Sai ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna masa. "Wannan kuma fa? Shekara arba'in ina tsare shi daga jinin mutum. Shi nawa ka sa masa, ko gyara ka ba da shi?"

Babu wanda ya iya ɗaga kai a zauren nan.

Sauran labarin gajere ne. An ɗaure mutuminmu shekara uku. Gonarsa ta tafi a shari'a da ciyar da marayu. Hajo ta koma gidan ubanta tana jinyarsa, ba ta sake komawa ba. Baba Zarami bai ƙara taɓa bindiga ba, ko da hannun nan ma ya daina cin abinci sai an matsa masa, kuma damina ba ta zagayo ba ya rasu. Ƙungiya ta watse, aka mayar wa hukuma bindigoginta, ɓarayi suka dawo suka ci gaba daga inda suka tsaya. Tsohuwar nan mai agwagwa, ita ma an kwance mata tunkiya.

Injin kuwa, dangi suka ce a sayar a ba marayu. Aka kai shi kasuwar Malam Madori. Sabo ne, bai yi aikin wata biyu ba, amma labari ya riga shi zuwa. Mutane su zo su tsaya su kalle shi su wuce. Aka kai shi Jahun, haka. Aka karya kuɗinsa rabi, aka sake karyawa. Mu da muke son araha kamar me, ko mutum ɗaya bai taya ba. Matar Shu'ibu da ta ji ta ce ko an sayar kada a kawo mata, ba za ta ciyar da 'ya'yanta da shi ba. Yana nan a zauren gidan har yau, tsatsa ta cinye jan fentin.

A bara mutuminmu ya fito daga kurkuku. Na gan shi kwanan baya a kasuwar Haɗeja yana sayen gishiri. Mai gishiri ya faɗi kuɗi, ya miƙa, bai ɗaga kai ba. 'Ya'yan Shu'ibu in sun haɗu da shi a hanya suna durƙusawa su ce Baba ina wuni, don uwarsu ba ta hana su ba. An ce mini wannan gaisuwar ta fi masa kurkuku zafi.

Ya 'yan uwa, ban ba ku labarin nan don ku je gida kuna tsine masa ba. Yana raye, ƙofar tuba ba ta rufe masa ba, kuma ina yi masa addu'a. Na ba ku ne don na san mu. Ciniki halal ne, neman sauƙi ba laifi ba ne. Amma kowane abu yana da kuɗinsa na gaskiya, kuma in ka ga an sauko ƙasa da shi da nisa, to akwai wanda zai cika ragowar, ko da kuɗinsa, ko da lafiyarsa, ko da ransa. Kai dai ba ka san ko wane ne ba. Mutumin nan da an ce masa Shu'ibu ne zai cika, da ya sayar da gonarsa ya sayi masu kyau.

Kai da aka ba ka kuɗin simintin masallaci, me ka sayo? Kai da aka aika sayen maganin feshi na ƙungiyar manoma, ka duba ranar da ya lalace ko ka kankare ta? Kai mai kwalekwale, katakon da ka yi faci da shi, ka yarda ka ɗora 'ya'yanka a kai ranar kasuwa? Kai da aka ba ka aikin cike jinga, buhu nawa ka sa ƙasa a ciki, nawa ka sa ciyawa? Kada ka ce mini ai na wucin gadi ne, ai na gwaji ne, ai ba wanda zai mutu. Haka shi ma ya ce. Amana ba ta da ƙarama. Wanda ya ba ka kuɗinsa ya juya baya, ransa ya ba ka, ko ya sani ko bai sani ba.

In kuwa ka riga ka yi, ka shanya naka a kan soro, ka goge shi da toka yana ƙyalli, ka jera masu kyau a sama, kuma har yau ba abin da ya faru, to kada ka ce ka tsira. Shirun da kake ji irin na ranar Asabar ɗin nan ne. An riga an ja kunama. Kana cikin numfashinka uku, ban san ko na nawa ba ne, kuma ban san wanda yake tsugune a hagunka ba. Ka buɗe baki ka yi magana. Za a yi maka faɗa, za ka ji kunya, sunanka zai zube. Wallahi duk wannan araha ne.

Wanda yake da irin tambayar da mutumin nan ya kawo mini, ina nan bayan salla. Yau ba na sauri, babu inda ake jirana.

Ya Allah, ka jiƙan Shu'ibu, ka jiƙan Baba Zarami, ka raya marayun nan cikin albarka. Ka karɓi tuban wanda ya tuba. Ka tsare hannunmu daga amanar da ba za mu iya riƙewa ba, ka tsare zuciyarmu daga ribar da wani zai biya da jininsa. In mun yi kuskure, ka kwance mana harshe tun bakin bindiga bai kai kan ɗan uwanmu ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na hagunmu. Amin.